Wadda Mama Ke Kira Auta

Gwaggo ce ta fara hura wutar, ta waya, wata Lahadi bayan an taso daga coci. Ita Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, ba ta taɓa kawo labari kai tsaye ba. Sai ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida, ta yi ƙorafin ciwon gwiwa, sannan ta rage murya kamar wani na laɓe a bayan ƙofa. Ta ce wa Auta ita dai ba gulma ta kawo ba, amma yau da idonta ta ga Amarya a coci sanye da koriyar suwaitar nan ta Auta ta zamanin makaranta, riƙe da hannun Mama. Da kunnenta kuma ta ji Mama na nuna ta ga wata baƙuwa tana cewa ga 'yata. Amarya ba ta ce a'a ba, murmushi ma ta yi.

"Gidan take nema, Auta," in ji Gwaggo. "In kin ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Su biyu Mama ta haifa, Yaya da Auta, kuma Yaya ya rasu shekarun baya. Amarya matarsa ce. Tun ranar da ta shigo gidan ake kiran ta Amarya, sunan ya manne mata har furfura ta fara leƙowa, har mijin ya mutu ya bar ta da shi. Allah bai ba su haihuwa ba. Kowa a layin ya san jininta bai taɓa haɗuwa da na Mama ba: in ta yi shara ta bar ƙura, in ta yi girki gishiri ya yi yawa, in ta yi shiru girman kai ne. Ranar da aka binne Yaya, a gaban masu ta'aziyya Mama ta ce da an kai ɗanta asibiti da wuri da yana raye, kuma kowa ya san wadda take nufi. Aka zuba ido ana jiran Amarya ta ɗaure keken ɗinkinta ta koma wurin danginta, sai ga shi ba ta tafi ba.

A lokacin, gaskiya, Auta daɗi ta ji. Tana da aikinta a kantin magani a wani gari mai nisa, ga yara a makaranta, ga kuma wadda za ta zauna da Mama ba tare da an roƙe ta ba. Ba ta taɓa tambayar kanta abin da zai zaunar da mace a gidan da ake zagin ta ba. Sai yanzu, da wayar Gwaggo a kunne, tambayar ta zo mata, ta zo kuma da 'yan rakiya. Me ya sa duk lokacin da ta kira sai Amarya ta ce Mama na barci, ko tana wanka, ko yanzu ba ta son waya? Amarya ta sha faɗa mata cewa kan Mama ya fara rikicewa, Auta ta ɗauka mantuwar tsufa ce, irin ta neman tabarau yana bisa goshi. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Maigidanta ya ce ta bi a hankali, Gwaggo in ta ga hayaƙi sai ta ce gobara. Auta ta ce ya dai sa yara su kwashe littattafansu daga ƙaramin ɗaki, domin da Mama za ta dawo. Amarya kuwa, in ji ta, ta je ta nemi wata uwar, wannan tana da 'ya. Auta ta nemi izini a wurin aiki, ta hau bas, ba ta sanar da kowa tana tafe ba.

Da rana tsaka ta isa. Abin da ta fara gani ta tsagar ƙofar gida shi ne sabuwar sakata, an kafa ta can sama inda hannun tsohuwa ba zai kai ba. Ta ƙwanƙwasa, ta sake ƙwanƙwasawa. Da Amarya ta buɗe, ba murna Auta ta gani a fuskarta ba, tsoro ta gani. Ta rame, idonta ya faɗa, ga kuma koriyar suwaitar a jikinta cikin wannan zafi, an yi mata faci a gwiwar hannu da zare mai kama da launinta. Ta yi wa Auta sannu da zuwa da raɗa kamar a gidan makoki, ta karɓi jakarta, ta ja ta ta gefen falo zuwa kicin tana waiwayen ɗakin Mama.

Auta ba makauniya ba ce, a wucewar nan ta ƙare wa falon kallo. An sauke hoton bikin Yaya daga bango, an sauke nata hotunan ita da maigida da yara, ƙusoshin kawai suka rage. Hoto ɗaya aka bari, na Auta tana 'yar sakandare, sanye da suwaitar. Babban madubin da ke kusa da ƙofa babu shi. Keken ɗinkin da kullum yake bakin taga shi ma babu, sai daga baya ta hango shi a ɗakin ajiya bayan kicin, an lulluɓe shi da zani kamar kayan sata. Ta leƙa tsohon ɗakinta, ta ga gadon babu katifa. Duk abin da ta gani sai ta ajiye shi a zuciya, tana cewa lalle da walakin goro a miya.

Amarya ta ɗora ruwan shayi, tana tambayar yara. Auta ta amsa a taƙaice ta ce wurin uwarta ta zo, ba shayi ya kawo ta ba, ta miƙe. Amarya ta sha gabanta, ta ce don Allah kar ta shiga tukuna, akwai maganar da za su yi.

Kafin Auta ta ce wani abu, sai muryar Mama ta taso daga ɗaki, ta shaƙe, ta tsufa, amma ita ce: "Auta."

Auta ta buɗe baki za ta amsa, amma na'am ɗin Amarya ya riga nata fita, a saukake, kamar na wadda ta saba. Suka kalli juna. Amarya ta sunkuyar da kai, ta zuba shayi a kofi mai hannu biyu, ta yanka ayaba ƙanana a faranti, ta wuce. Auta ta ji kamar an kwaɗa mata mari. An sa rigarta, ta haƙura. An sauke mata hotuna, ta haƙura. Yanzu kuma a gabanta an amsa mata suna.

Ta bi bayanta a hankali ta tsaya jikin labule. Katifar da ta ɓata tana nan a ƙasa, kusa da gadon Mama. Tsohuwar na zaune an kewaye ta da matasai, ta ƙanƙance, Amarya na ba ta ayaba a baki tana goge mata haɓa. Mama na ci tana magana, irin maganar da ake ji an maimaita ta har ta yi santsi. Tana cewa Allah ya yi wa Auta albarka, da ba don ita ba da ƙudaje sun cinye ta a ɗakin nan. Tana cewa waccan matar, matar ɗanta, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ta ɗaure kekenta ta gudu, mara kunya, mara amana, wadda ta bar ɗan mutane ya mutu a kwance. Amarya ta ce Mama ta yafe mata mana, ta ƙara ko loma ɗaya. Mama ta karɓi lomar, ta ce yafewa kam sai dai a lahira.

Wata da ta ji haka jikinta zai yi sanyi. Amma zargi in ya kama mutum, ko ruwa aka ba shi sai ya shinshina. Auta ta koma kicin tana lissafi: ai dama haka za a yi. In a tunanin Mama Amarya ta gudu, kuma Auta ce a gida, to ranar da aka tara dangi da Fasto aka tambayi tsohuwa wa ta bar wa gida, wa za ta nuna? Wadda ke riƙe da hannunta. Zagin ma dabara ce, an jefar da tsohon suna don a ɗauki mai tsada. Biri ya yi kama da mutum.

Da Amarya ta dawo da faranti, Auta ta rufe ƙofar kicin ta zazzage mata duk abin da ke cikinta. Ta ambaci sakata, da hotuna, da madubi, da wayoyin da aka hana ta, da abin da aka gani a coci. Ta ce ita ba ta taɓa ganin sata irin wannan ba, a shiga rigar mutum yana raye. Ta ce gobe da safe za ta tafi da uwarta, gidan kuma za a kulle shi, mai kwaɗayinsa ya ci kansa.

Amarya ta saurara har ƙarshe tana wanke kofi. Ba ta yi rantsuwa ba, abin da ya ƙara ba Auta haushi, don ta shirya wa rantsuwa amsa. Ta dai ba da labari a hankali. Ta ce bayan kan Mama ya rikice, akwai lokacin da ta daina karɓar komai daga hannunta, ko ruwa, tana cewa guba za a ba ta. Ta kwanta tana kiran Auta, tana bushewa. Wata safiya da sanyi, kayan Amarya duk suna kan igiya ba su bushe ba, ta buɗe tsohuwar durowa ta zura suwaitar nan ta shiga da shayi. Mama ta ɗago ta yi dariya, ta ce Auta kin dawo, ta shanye kofin tas. Tun daga ranar, in ta shiga da suwaita a ci, in ta cire a kau da kai. Hotunan ta sauke su ne don suna rikita Mama ta yi ta kuka, madubin kuma tana ganin wata tsohuwa a ciki tana cewa a kore ta. Sakata don ta taɓa fita neman Baba har bakin titi. Keke kuwa, ai Mama ta ce an gudu da shi, ƙararsa ma ba ta so ta ji, sai in ta yi barci ake ɗan taka shi a ɗakin ajiya.

Auta ta ce to wayar fa? Amarya ta ce Auta ta tuna kiran da ta yi aka ba Mama wayar, Mama ta ji muryar ta ajiye. Bayan nan kwana da kwanaki Mama ba ta ci abinci ba, tana tambaya in waccan ce 'yarta, to wannan wace ce, kuma me ya sa 'yarta ta tafi ta bar ta. Ta ce ta so ta faɗa wa Auta komai, ta rasa bakin da za ta ce mata uwarki ba ta san muryarki ba. Ta kai maganar wurin Fasto, tana tsoron ko ƙarya take yi kullum a gaban Allah. Ya ce shi ma bai sani ba, ta dai ci gaba da ba tsohuwa abinci, su yi ta addu'a.

"Kuma ki zauna ana zagin ki safe da yamma, a banza?" in ji Auta. "Wa zai yarda da wannan?"

"Ba sai an yarda ba. Uwar mijina ce." Amarya ta kife kofin a kan tire. "Yesu ma waɗanda ya mutu dominsu ne suka zage shi. Nawa ɗan zagin tsohuwa ne, ina goge mata baki ya wuce."

Wannan amsa ta soki Auta a inda ba ta so, domin ita ce ke koya wa matan cocinsu darasi a kan musun kai, har ana yaba mata iya bayani. Ta ji kunya, kunyar kuma ta juye ta zama fushi. Ta ce wa'azi ba a bakin ɓarawo ba. Ta ce uwarta ce, ita ta haife ta, ta goya ta, ko a cikin duhu za ta gane ta, kuma gani ya kori ji. Amarya ta matsa daga ƙofa. Abu ɗaya kawai ta roƙa, ta ce duk abin da Mama ta faɗa kar Auta ta yi mata musu, don in an yi mata musu ba fushi take yi ba, tsorata take yi.

Auta ta gyara ɗankwali, ta ɗaga labule ta shiga da sallama. Ɗakin ba ya warin ciwo, sabulu kawai ake ji. Ta durƙusa a bakin gado kamar yarinyar da aka kira gaban aji. Mama ta ɗago ta dube ta tun daga tabarau har takalmin tafiya, ta daɗe tana dubawa. Sai fuskarta ta ɗaure.

"Ke ce? Sai yau kika ga damar dawowa?"

Daɗi ya fara kama Auta, ta ɗauka an gane ta. Amma Mama ta janye ƙafarta kamar za a taka ta, ta tambaye ta ina keken da ta gudu da shi.

Daga nan aka buɗe mata famfo. Duk abin da ta ji daga bayan labule yanzu a fuskarta aka zuba shi, da ƙari. Mama ta ce mata mara amana, ta ce ta kashe mata ɗa ta tafi yawon duniya ta yi ƙiba, ta dawo da tabarau a ido kamar matar gwamna. Ta ce ta dubi Auta, tana nufin mai suwaita, ta ji kunya, yarinyar da ta bar komai nata ta zauna, take kwana a ƙasa, take kai ta bayi, take wanke mata abin da ba a faɗa, ba ta taɓa barin ta ko na yini ɗaya ba. Tana faɗin haka fuskarta na haske, irin alfaharin da Auta ta yi shekaru tana son gani a kanta.

Maganar tana bakin Auta. Mama, ni ce. Tana da shaidu da yawa: tabon ƙunar da ke hannunta, sunan da Baba ke tsokanar ta da shi, waƙar da Mama ke yi mata in tana zazzaɓi. Watakila ɗaya daga ciki ya buɗe ƙofar, ko na minti ɗaya, uwarta ta dube ta ta kira ta. Abin da ya hau da ita bas ke nan, yanzu ta gane, ba gida ba. Tana son wannan kiran kamar mai ƙishi.

Amma tana durƙushe a nan ta ga farcen Mama a yanke, kitsonta sabo, diddigenta a shafe da mai, babu gyambon kwanciya ko ɗaya. Ita mai sayar da magani ce, ta san irin wahalar da ake sha kafin jikin tsoho ya zauna haka. Ta kuma san abin da Mama za ta sani in ƙofar ta buɗe: cewa 'yar da take taƙama da ita tana can wani gari tana aiko da gaisuwa. Ta waiwaya. Amarya na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi da tawul a kafaɗa, kanta a sunkuye, leɓenta na motsi kaɗan, tana jiran ruwan zagin ya ɗauke kamar yadda take jira kullum.

Auta ta cire tabarau ta ajiye a ƙasa. Ta haɗiye sunanta, ya wuce da ƙyar.

"Ni ce, Mama, matar ɗanki. Na tafi na bar ki, na yi laifi. Ki yafe mini."

Ba ta nemi hawaye ba, da kansu suka zo. Mama ta kau da kai wajen bango ta ce ba ta yafewa. Auta ba ta tashi ba, ta sake roƙo, ta kama gefen zanin gado. Can Mama ta juyo ta nemi mai suwaita da ido, ta tambaye ta ko a yafe. Amarya ta gyaɗa kai.

Mama ta yi tsaki, ta miƙo hannu mara nauyi ta ɗora a kan Auta.

"Albarkacin 'yata kika ci, kullum sai ta roƙar miki. Na yafe miki, matar ɗana. Ai ya so ki, ni ce ban so ba. Allah ya yafe mana duka."

Amarya ta ajiye kwanon a ƙasa don kar ya suɓuce, ta zauna a bakin gado ta toshe baki da tawul, kafaɗunta na girgiza. Mama ta jawo ta jikinta tana faɗa, ta ce ji sakarci, wata aka yafe wa, wata ke kuka. Sannan ta dubi Auta ta ce tunda ta dawo, ba zaman baƙunta za ta yi ba, ta karɓi 'yarta aiki, yarinyar nan ko barcin kirki ba ta samu.

Auta ta ce to. Ta naɗe hannun riga, ta jawo kwanon, ta sa ƙafafun uwarta a cikin ruwan. Mama ta ce ta yi a hankali, hannunta da nauyi, ba ta iya ba. Da ɗumin ruwan ya ratsa ta sai ta saki jiki, ta ce bari ta ba ta labarin ranar da ta haifi wannan, tana shafa kan Amarya: yadda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yadda motar Baba ta mutu a hanya, yadda jaririyar ta fito da gashi cike da kai tana tsala kuka. Auta ta haddace labarin tun tana ƙarama, ta san inda Mama za ta tsaya ta yi dariya. Ta sunkuya tana cuɗa ƙafar, da aka zo wurin ta taya ta dariyar, ta tambaye ta sai kuma aka yi yaya.